Na saya wa Baba talabijin na bango, ya ce a dawo masa da mai ƙeya

Baban Yusra:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin kayan wuta ku taimaka mini da shawara, don abin ya fara ba ni haushi. Watan jiya na haɗa 'yan kuɗaɗena na saya wa mahaifinmu sabon talabijin na bango, inci 43, da nufin ya huta da tsohon mai ƙeyar nan inci 21 da yake kallo tun ina firamare. A shago da aka kunna mini shi, wasu kifaye aka nuna suna yawo a ruwa, wallahi har ɓawon jikinsu kana iya ƙirgawa. Ban tsaya dogon ciniki ba na biya.

Muka kai gida, mai kafawa ya huda bango ya ɗaura shi, muka zare wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, daga bayan tsohon muka soka a sabon. Hoto ya fito dishi-dishi, ga mutane duk sun yi faɗi kamar an danne su da dutsen niƙa. Baba ya ɗan kalli mai karanta labarai ya ce, "Yaron nan yaushe ya yi ƙiba haka?" Kwana uku ya daure, a na huɗu ya ce a ɗauko masa nasa daga ɗakin ajiya. Yanzu haka tsohon yana kan teburinsa yana aiki, sabon kuma yana bango Inna ta lulluɓe shi da tsohon mayafi saboda ƙura.

Jabu aka sayar mini ne, ko haka suke dama? A kwalin an rubuta Full HD ɓaro-ɓaro.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Baba ya fi ka gaskiya, da tsohuwar zuma ake magani. Ka kawo mini na bangon in rage maka asara.

Mai Gyara Sabon Gari:
Baban Yusra, kafin ka je ka yi rigima da mai shago, amsa mini abu biyu. Mene ne a ɗaya ƙarshen wayoyin nan uku? Dikoda ce, ko faifan DVD? Sannan in dikoda ce, juya bayanta ka duba ko akwai wata kafa siririya mai ɗan faɗi da aka rubuta HDMI a kanta.

Baban Yusra:
Dikodar dish ce, Oga, irin wadda ba a biyan kuɗin wata. Ta fi shekara goma a gidan. Na sa ƙanena ya duba yanzu, babu wannan kafar. Akwai kuma eriya a kan rufi da Baba yake kama NTA da ARTV da ita, ita kai tsaye take shiga talabijin.

Mai Gyara Sabon Gari:
To shi ke nan, an bar jaki ana dukan taiki. Talabijin ɗinka lafiyarsa lau. Abin da kake ba shi ne yake nuna maka. Wayar nan rawaya ita kaɗai ke ɗauko hoto, ja da fari na murya ne, kuma ba ta iya ɗauko abin da ya wuce ƙarfin tsohon talabijin ko da dikodar ta miliyan ce. Kifayen da ka gani a shago daga filash aka kunna maka su, an ɗauke su ne musamman don a burge mai saye. Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan ƙarar.

Faɗin da mutane suka yi kuma gyaransa minti ɗaya ne. Tsohon allo kusan murabba'i ne, huɗu bisa uku ake ce masa. Sabon mai faɗi ne, sha shida bisa tara. Talabijin ɗin ne yake ja wa hoton kunne don ya cika allo. Shiga wajen saitin hoto ka mayar da shi 4:3, za ka ga baƙi a gefe da gefe, amma mai karanta labarai zai rame nan take.

Injiniya A.:
Bari in ƙara a kan maganar Oga, don abubuwa uku ne mutane suke haɗawa wuri ɗaya suna kiransu "dijital".

Na farko shi ne allon kansa: mai ƙeya ko na bango. Na biyu hanyar da hoton ke zuwa gidanka: analog ko dijital. Na uku yawan ɗigon da ke cikin hoton, wato ko na da ne ko HD. Kowanne zaman kansa yake. Dikodar dish ɗin Baba dijital ce tun ranar da aka saye ta, ga shi kuma mai ƙeya yana nuna ta shekara goma ba gardama. Ke nan dijital ba ya nufin HD. Haka kuma sabon na bangon yana kama eriyar analog, ke nan na bango ba ya nufin dijital.

Ga lissafin. Tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya layi 625 ne, waɗanda ake gani a allo 576. In aka mayar da shi ɗigo-ɗigo, 720 ne a kwance sau 576 a tsaye, wajen ɗigo dubu ɗari huɗu da sha biyar. Allon Full HD kuwa 1920 ne sau 1080, ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Ka ga kana ba shi kashi ɗaya cikin biyar na abin da cikinsa ke ɗauka, sauran kashi huɗun shi yake ƙirƙira da kansa ya cike gurbi. Kamar ka ɗauki ƙaramin hoton fasfo ka kai a buga maka shi girman fostar siyasa. Mai ƙeya kuwa an yi shi ne daidai wannan hoton, ga allonsa ƙarami, ga shi yana lulluɓe aibin hoto da ɗan laushin nan nasa. Baba bai yi ƙarya ba, a irin wannan haɗin nasa ya fi kyau.

Maman Ilham:
Ikon Allah. Ni fa shekara biyu ke nan ina zagin namu a zuciya, ashe wayar ce. Injiniya, in na sayi wayar HDMI ɗin shi ke nan komai ya zama tangaran?

Injiniya A.:
Hajiya, sai in dikodarki tana da kafar, kuma ita kanta HD ce. Ko da hakan, tashar da ake watsawa da ƙaramin hoto ba za ta zama HD ba, sai dai za ta fi tsafta sosai a kan yadda kike gani yanzu, rubutun da ke gudu a ƙasan allo zai karantu. Tashoshin da aka rubuta HD a gefen sunansu su ne za ki ga bambancin da zai sa ki yi salati. Kada kuma a yaudare ki da waya mai tsada wai mai ruwan zinare. In gajeriya ce, mita ɗaya ko biyu, ta araha da mai tsada hoto ɗaya suke bayarwa muddin tana aiki.

Malam Na Tudun Wada:
Ni tambayata daban ce. Tun ina saurayi ake cewa gwamnati za ta kashe analog, duk mai tsohon talabijin ya nemi na yi. Na yi aure, na haifi 'ya'ya huɗu, babbar tana aji uku a sakandare, har yau ana nan ana za a kashe. Wai ina aka kwana?

Injiniya A.:
Malam, maganar ta samo asali ne daga wata yarjejeniya da aka yi a Geneva a 2006 ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU. Ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince a bar analog zuwa 17 ga Yuni 2015. Najeriya ta sa wa kanta 2012, bai yiwu ba, 2015 ta zo ta wuce, aka ce 2017, ita ma ta wuce. An ƙaddamar da gwaji a Jos a ƙarshen Afrilun 2016, Abuja a Disambar shekarar, daga baya Ilori da Kaduna da Inugu da Oshogbo, sannan Legas da Kano a 2021, lokacin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ce ke jan ragamar, sunan da aka sa wa tsarin FreeTV. Sai dai ƙaddamar da dijital a gari daban, kashe na'urar analog daban, shi ya sa kake jin an yi biki amma eriyarka ba ta fasa kamawa ba.

Dalilin da ya sa ake son a yi kuwa ba don kyan hoto kawai ba ne. Tashar analog ɗaya tana cinye zango guda cur a iska. A wannan zangon, da tsarin DVB-T2 da aka zaɓa, ana iya cusa tashoshi fiye da goma. Sararin da ya rage, musamman wajen 700 da 800 megahaz, kamfanonin waya ne ke sayensa su ba mu intanet. Kuɗi ne zunzurutu a wurin.

Ɗan Fagge:
Ato. Ka ga inda gizo ke saƙa. Su sayar da iska su ci kuɗi, talaka kuma ya sayi akwatin kama dijital. Abin da kakanninmu suke kallo kyauta tun zamanin gidan talabijin na RKTV a Kaduna yanzu sai da kati.

Injiniya A.:
Ɗan Fagge, kai da kake biyan kuɗin wata don kallon ƙwallon Ingila, yau kai ne lauyan kallon kyauta? Ni ban ce an tafiyar da shirin yadda ya kamata ba, wa'adi uku da aka saɓa sun isa shaida. Amma na'urorin analog ɗin nan sun tsufa, masu ƙera su sun koma wani abin, ga shan wuta. Ba za a zauna a kansu har abada ba.

Ɗan Fagge:
Ƙwallo zaɓina ne, Yallaɓai, ranar da ba ni da shi in tafi gidan kallo in ba da ɗari biyu. Labaran ƙasa kuwa haƙƙi ne. Tsohuwar da ke ƙauye da talabijin ɗin da ɗanta ya bar mata, ranar da aka kashe wa zai saya mata akwatin, wa zai saita mata?

Baba Mai Ritaya, Jos:
Yarana, ku bar ni in sa baki tunda garinmu aka ambata. Jos ba baƙuwa ba ce a harkar nan, a nan aka fara watsa talabijin mai kala a ƙasar nan, gidan talabijin na jihar Binuwai-Filato, a tsakiyar shekarun 1970. Na ga lokacin da idona. Unguwa guda gida ɗaya ke da mai kala, yara suna leƙe ta taga. Masu baƙi da fari ba wanda ya ce su zubar da nasu, haka suka ci gaba da kallo har ya mutu don kansa. Wasu har wata leda mai launi suke mannawa a allo wai su ma sun yi kala.

Wannan karon ma ni ban zubar da nawa ba. Akwatin na sa a kansa, eriyar da nake da ita tun da na soka a akwatin, wayoyi uku suka shiga talabijin. Yayyafin nan da ke cika allo ya tafi, inuwar da ke bin mutum a baya ta tafi. Abu ɗaya ne ban so ba. A da in hadari ya taso hoto yakan yi yayyafi amma kana jin labarai, kana gane mai magana. Yanzu ko dai ya fito tas, ko ya daskare ya farfashe kamar an jefi madubi, murya ta ɗauke. Babu tsaka-tsaki. Maganar Ɗan Fagge kuma tana kan hanya, ni jikana ne ya saita mini, da ni kaɗai ne da har yau yana cikin kwali.

Baban Yusra:
Allah ya ƙara girma Baba. Wato ko an kashe analog gobe, mai ƙeyar mahaifinmu ba zai zama shara ba?

Baba Mai Ritaya, Jos:
Ko kusa, ɗana. Akwati kawai zai nema.

Yaya Habu, Amurka:
Ina nan ƙasar lokacin da suka yi nasu, 12 ga Yuni 2009 manyan tashoshi suka kashe analog. Su ma sai da suka ɗaga, da a Fabrairu za a yi. Abin da gwamnati ta yi shi ne ta ba kowane gida takardar rangwame ta dala 40, har guda biyu, ka kai shago ka karɓi akwatin. Watanni ana ta sanarwa a talabijin har ta ishi mutane. Duk da haka ranar da aka kashe sai da tsofaffi suka yi ta kiran waya suna cewa talabijin ɗinsu ya lalace. Ingila kuma yanki-yanki suka bi, suka gama a Oktoban 2012.

Gargaɗi ɗaya: kada wani ya ce ɗan uwansa ya aiko masa da talabijin daga nan. Tsarinsu ATSC ne, ba zai kama tashar eriya a gida ba, sannan da yawansu wuta mai volt 120 kawai suka sani. Ka soka a tamu mai 230 ka ji ƙauri.

Mai Gyara Sabon Gari:
Yaya Habu ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. 'Yan gwanjon nan da ake cewa na Beljiyam, mutane suna rububinsu wai sun fi ƙarko. Wasu da gaske suna da ƙarko. Amma da yawa daga Turai an yi su ne kafin T2, a bayansu za ka ga DVB-T kawai babu 2. Wannan ba zai kama dijital ɗinmu da kansa ba. In da dikoda za ka yi amfani ba matsala, amma kada a ƙara maka kuɗi wai "dijital ne". Wanda zai sayi sabo ya duba kwali ko bayan talabijin ya ga DVB-T2 na eriya, in da S2 ma to dish zai shiga kai tsaye ba sai da risiba ba, wato dikoda. Su ma tashoshin da ba a kulle ba kawai zai buɗe, na kulle sai da akwatin masu su.

Kuma babu wata aba wai ita eriyar dijital. Ƙarfe ne yake kama iska, bai san analog ba bai san dijital ba. In taka ta UHF ce kuma ba ta yi tsatsa ba, ta isa. Sau da yawa wayar da ta sauko daga rufi ce rana ta cinye, ruwa ya shiga.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan TNT muke ce ma abin, kamar yadda Faransawa ke faɗi. Magana ta tuna mini da wahalar da muka sha a da. Mu SECAM muke, ku PAL. Mutum ya sawo tele a Kano ko Katsina ya kawo gida, ya kama Télé Sahel sai ta fito baƙi da fari, wani lokaci ma ba murya, sai an kai ma mai gyara ya yi mata dabara. Daga baya aka samu masu cin kowane tsari. Da dikoda wannan rigima ta ƙare. Amma ni abin da ya sa na canza ba kyan hoto ba ne, kuran ne, wato wutar lantarki. Da panno ɗaya na sola da batir ɗaya ƙaramar ta bango mai 12 volt tana kai mu har a gama labarai a kalli fim. Mai ƙeya ba ta yin haka.

Ummu Haidar:
Wannan ita ce maganar da ta shafe ni. Mu sola muke amfani da ita. Injiniya, da gaske na bango ya fi sauƙin wuta, ko tallar 'yan kasuwa ce?

Injiniya A.:
Gaskiya ne amma da sharaɗi. In girmansu ya yi kusa, na LED ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: inci 32 yakan ci wat talatin zuwa hamsin, mai ƙeya inci 21 kuwa yakan kai saba'in ko fiye. Amma mutane ba sa canza 21 da 24, sai su tsallaka 50 ko 55, su ƙure masa haske, sannan su ce inbata ba ta kai dare. Duba takardar da ke manne a bayansa, an rubuta wat ɗin. Ki kuma lura, sunan filasma da muke kiran kowane na bango da shi kuskure ne da ya zauna. Filasma ta ainihi wani nau'i ne daban, mai nauyi, mai zafi, mai shan wuta fiye da mai ƙeya ma, kuma an daina ƙera ta tun wajen 2014. In kika gan ta a gwanjo da araha, ki wuce, ba ta mai sola ba ce.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki:
Ku kuna ta lissafin wat, mu iyayen amare mu muka san zafin abin nan. A da uba ya sayi inci 14 ya sa a kan shokes an gama, har a yi guɗa. Yanzu dangin ango suna shiga ɗaki bango suke fara kallo. In 32 ne a taɓe baki, wai "ai na ɗakin yara ne". Wata da na yi wa jere bana, ɗakin ƙafa goma ne da 'yan kai, uwar ta dage sai 65. Da aka kafa, amarya in ta zauna a kujera sai ta riƙa juya wuya kamar mai kallon tsere. Ga shi unguwar sai a kwana uku ba a ga wuta ba.

Maman Ilham:
Hajiya kin faɗi gaskiya wallahi. Kuma rabin su tsohuwar dikoda ake haɗa musu da wayar rawaya, yanzu da na gane abin dariya yake ba ni.

Mai Gyara Sabon Gari:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke raina, ko da za a ce mai gyara yana kare abincinsa. Mai ƙeya in ya lalace ina buɗe shi in canza abu ɗaya ko biyu na 'yan ɗaruruwa, ya ƙara shekara biyar. Yaro ya jefe shi da ƙwallo, ƙwallon ce za ta dawo. Na bango fa? Fitilun bayan allo in sun mutu, ka ji murya ba hoto, wannan ina gyarawa. Sashen da ke raba wuta a cikinsa in ya ƙone, ina gyarawa ko in canza. Amma gilashin in ya tsage, ko ɗan yaro ya buga masa cokali, kuɗin sabon gilashi ya kusa kuɗin sabon talabijin. Akwai guda bakwai jingine a shagona yanzu, masu su sun ce za su dawo, ba su dawo ba.

Don haka wanda ya saya ya yi abu uku. Ya kafa shi sama inda hannun yara ba ya kai. Ya sa masa abin kariyar nan da ke jinkirta wuta in an kawo ta, don yawancin waɗanda ake kawo mini dawowar wuta da ƙarfi ce ta kashe su, ko janareta da ke tangal-tangal. In hadari ya taso kuma a zare wayar eriya da ta dish, tsawa ta nan take shigowa. Kada a goge allon da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan yana gangarawa ƙasa ya ci wayoyin gilashin, sai ka ga layi-layi a tsaye.

Ɗan Fagge:
Oga wannan huɗu ka lissafa ba uku ba.

Mai Gyara Sabon Gari:
Na huɗun gyara ne na ƙara maka, ba a biya.

Malam Na Tudun Wada:
To jabun fa da Baban Yusra ya tambaya tun farko? Don akwai shi. Maƙwabcina ya sayi wani an manna masa sunan babban kamfani, wai 4K, inci 43, da kuɗin da bai kai na 32 na gaske ba. Wata biyu harafi ɗaya na sunan ya ɓalle ya faɗo.

Injiniya A.:
Araha ba ta ado, Malam. Akwai su da yawa. 4K na gaske 3840 ne sau 2160, ninki huɗu na Full HD. Wanda aka rubuta wa HD Ready kuma, yawancin 'yan inci 32, 1366 ne sau 768, kuma a wannan girman ya wadatar. Hanya mai sauƙi: je da awo ka auna allon daga kusurwa zuwa kusurwa, don wasu 43 ɗin 40 ne. Ka nemi takardar garanti mai hatimin dila. Ka je da filash ɗinka mai ɗauke da irin abin da kake kallo a gida, ka ce a sa maka shi maimakon kifayensu. Ni ma dai ban ga dalilin da mai kallon tashoshin dish na kyauta zai biya kuɗin 4K ba, babu abin da zai ba shi ya ci. Sai in mai kallon YouTube ne da datar da ba ta ƙarewa.

Ummu Haidar:
Wani abu kuma, don Allah masu tsofaffin kada a bar wa yara su fasa. Na ga almajirai a bayan layinmu suna farfasa ɗaya da dutse suna cire jan ƙarfe su kai wa 'yan jari bola.

Mai Gyara Sabon Gari:
Haɗari ne babba, Hajiya. Kwalbar nan babu iska a cikinta, in ta fashe tarwatsewa take yi. Gilashinta akwai dalma a ciki. Sannan tana aiki da wuta sama da volt dubu ashirin, kuma tana riƙe saura ko an zare ta daga soket. Ni da nake sana'ar sai na sauke wutar kafin in sa hannu, ta taɓa jefar da ni daga kan benci ina yaron shago.

Baban Yusra:
Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na sayi sabuwar risiba mai HD da wayar HDMI, duka biyun ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin talabijin ɗin ba. Mai dish ya zo ya sake saiti, ya canza wayar da ta sauko daga rufi, ashe duk ta tsattsage. Muka yaye mayafin Inna muka kunna. Tashar Makka muka fara sawa, Baba ya matso da kujera ya yi shiru yana kallon masu ɗawafi, can ya ce ashe tattabarun Harami ana ganin ƙafafunsu. Na ce to, Alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Ashe da sauran rina a kaba. Da aka koma labarai sai ya ce ba ya jin abin da ake faɗa, muryar kamar daga cikin tulu take fitowa. Kuma rimot biyu sun yi masa yawa, ya danna wani abu allo ya koma shuɗi ya rubuta babu sigina, sai da aka kira ni daga kasuwa.

Injiniya A.:
Wannan ma ba ƙorafin banza ba ne. Mai ƙeya yana da ciki, lasifikarsa babba ce kuma gaba take kallo. Na bango siriri ne, 'yan ƙananan lasifikoki ne a ƙasa ko a baya, bango suke yi wa magana. Ga kunnen dattijo. Duba saitin murya ko akwai wanda ke fito da magana, in bai isa ba ka haɗa masa ƙaramar sifika. Rimot kuma ka bar talabijin a kan HDMI ɗin, ka ɓoye nasa a aljihunka, ka bar wa Baba na risiba kaɗai.

Mai Gyara Sabon Gari:
Ka samo salatif ka rufe duk maɓallan rimot ɗin, ka bar na kunnawa da na murya da na canza tasha. Haka na yi wa tsohuwata, shekara uku ba ta kira ni ba sai in batir ya mutu.

Ɗan Fagge:
Wato dai ba za a ba ni na bangon ba. To mai ƙeyar fa, nawa za ka sallama?

Baban Yusra:
Ka makara. Inna ta sa an kai shi ɗakinta tare da tsohuwar dikodar, ta ce dama ita ba ta ga abin da ya yi ba. Har ta mayar masa da ɗan kyallensa mai saƙa da agogon da ke zama a kansa, don tun da aka kafa na bangon take tambaya ina za a ɗora agogo. Yanzu rigimar da ta rage dish ɗaya ne, risiba biyu. Oga, akwai yadda ake raba waya ɗaya gida biyu, ko sai na sake hawa rufi?

Mai Gyara Sabon Gari:
Sai ka hau. Kada ka yarda a sa maka ɗan abin raba wayar nan na eriya, risiba ɗaya za ta riƙa ƙwace wa ɗaya tashoshi. Ka sayi kan dish mai baki biyu, a ja wa Inna wayarta daban. Ka bari sai da yamma, kwanon rufi da zafi yanzu.